Filin da Ɗan Gwanjo Ya Kushe

Akwai wani hali da 'yan kasuwa suka ɗauka wayo ne, alhali cuta ce. Mutum ya ga abu yana so, sai ya fara ɓata shi da baki don ya saye shi da araha. Kushe ke nan. A kansa zan yi magana, wanda kuma ya tsargu, to da shi nake.

Mutumin ɗan gwanjo ne. Rumfarsa tana ƙarshen layin masu tsofaffin kaya, cike da firji marasa murfi, da katifun da suka sha duniya, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Ba mai kiransa da sunansa. Sai-an-rage ake ce masa, domin ko gaisuwa ka yi masa sai ya nemi ragi.

In matsi ya sa mutum ya kawo kayan ɗakinsa, Sai-an-rage ba ya tashi daga benci. Zai dubi kayan da gefen ido, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya girgiza kai. "Ayya, injin ya tafi. Ba ka jin ƙauri?" Babu wani ƙauri. Mai kaya ya tsorata, ya karɓi abin da aka miƙo masa. Kafin ya kai bakin titi an goge firjin da tsumma, ya koma sabo wanda bai taɓa ganin mai gyara ba. Da haka ya ci, da haka ya sha, har ya ɗauka duk duniya rumfar gwanjo ce.

A gidan haya yake zaune da iyalinsa, gidan yawa, inda ake layin banɗaki da buta a hannu. Matarsa tela ce. Kekenta yana bakin ƙofa, domin ɗakin ba ya ɗaukar keke da gado a lokaci guda. Ranar da mai gidan ya sake aiko da maganar ƙarin haya, ta ajiye almakashi ta ce, "Baban yara, na gaji. Yaran nan sun girma, babbar tana kwana a ƙasan keke kamar mage. Ka nema mana fili, ko wanda akuya za ta juya a ciki ne."

"Da wane kuɗin?"

Ta tashi ta buɗe akwati. Ta fito da abin da ta tara na ɗinki, ta haɗa da 'yan kunnenta na zinari, da rabon da ta samu a gadon mahaifinta. Ta zube masa a kan tabarma. Shi ma ya kwashe rabin jarin rumfa ya haɗa. Ku riƙe wannan da kyau, domin nan laifin yake: kuɗin da suka haɗa ya isa sayen fili mai kyau ba tare da an cuci kowa ba.

Ya nemi wani dillali mai babur, suka shiga yawon gefen gari. Duk inda aka kai shi sai ya sami abin faɗa. Wannan kwari ne, wancan ya yi kusa da bola, na gaba ƙasarsa ta cika yashi. Dillali ya cire hula ya share gumi ya ce, "Kai dai ko aljanna aka kai ka sai ka ce ƙofar ta yi ƙunci. Man babur ɗina kake sha, ka sani?"

"Ka kai ni inda ido zai kwanta."

Sai ya kai shi gonar wani tsoho. Gari ne ya taso ya cim ma gonar, tsohon kuma ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa duk sun watse neman abinci. Shi ne ya sa aka yanka ta fili-fili. Na farko, wanda yake bakin hanya, shi ne idon gonar: tudu ne, jar ƙasa mai tauri, ruwa ba ya kwana a kansa. Sai-an-rage yana takawa ya ji zuciyarsa ta ce nan ne. Amma hali zanen dutse. Ya shuri ƙasar da takalmi, ya taɓe baki.

"Baba, ai wannan ƙasar ta mutu. Gini ba zai zauna a nan ba."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ɗana, ƙasa ba firji ba ce. Tun ina bin mahaifina da ƙaramar fartanya nake kanta. Kuɗinta shi ne abin da dillali ya gaya maka."

"Sai an rage, Baba."

"Ba sai ka saya ba. Akwai wata malamar asibiti da ta riga ta amince. Ga turken da ta kafa can a kusurwa. Masu haƙar rijiya za ta kawo su gwada ruwa, in sun samu ta biya."

Sai-an-rage ya dubi turken. Yana kusurwar da ta fuskanci hanya, daidai inda mai hankali zai sa ƙofar gida. Kuɗin yana cikin aljihunsa a lokacin. Da ya zaro ya biya, da labarin ya ƙare a nan. Amma a duk rayuwarsa bai taɓa sayen abu a kan kuɗin da mai shi ya faɗa ba, yana ganin ranar da ya yi haka ya zama wawa.

Washegari ya tafi wurin wani mahauci abokinsa. Bayan mayanka akwai tarin tsofaffin ƙasusuwa da rana ta busar har suka yi fari. Ya tsuguna da buhu yana zaɓe.

Mahauci ya leƙo da wuƙa a hannu. "A'a! Rowar taka ta kai nan? Miya za a yi da su?"

"Kare zan ajiye."

"Kai da ciyar da kare? Ai karen da ya shiga gidanka sai ya fito da bashi."

Suka yi dariya. Amma mahaucin ya tsaya yana kallo, ya ga mutumin yana ture ƙaho, yana ture kofato da muƙamuƙi, duk abin da zai nuna dabba ce. Haƙarƙari kawai yake ɗauka, da gutsattsarin ƙashin ƙafa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Abokina, abin da ka ɗiba ya fi ƙarfin kare."

"Ka kula da namanka, ƙuda na bi."

Da tsakar rana ya je filin, lokacin da zafi ya kori kowa inuwa. Ya zare turken, ya haƙa rami har ƙugu. Ya shimfiɗa wani tsohon farin ƙyalle da ya ɗauko a rumfa, ya jera ƙasusuwan a kai a tsawo, ya naɗe. Yana cikin ramin ya ji wurin ya yi tsit, ko tsuntsu babu, har ya ɗaga kai ya duba ko ana kallonsa. Babu kowa. Ya mayar da ƙasa, ya daddanne, ya kafa turken inda yake. Bayan kwana kaɗan aka yi ruwa, ya shafe duk wata alama.

Masu haƙar rijiya suka zo. Ba su yi nisa ba diga ta ɗago farin ƙyalle, haƙarƙari ya leƙo. Wanda yake cikin ramin bai san yadda ya fito ba. Wa zai tsaya dubawa? Da salati suka mayar da ƙasa, suka kwashe kayan aikinsu. Malamar asibiti ta ce ta fasa, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Kafin rana ta faɗi, duk sabuwar unguwar ta ji cewa gonar tsoho tsohuwar maƙabarta ce. Sai-an-rage kuma ya bi majalisu yana ƙara gishiri. "Ni dama na taɓa jin ƙishin-ƙishin. Na dai yi shiru ne don kar a ce na ɓata wa tsoho ciniki."

Ya bari magana ta nuna, sannan ya koma da fuskar ta'aziyya. Ya tarar da tsohon zaune a ƙasa kusa da wurin, sandarsa a kan cinya. Kamar an ƙara masa shekaru goma.

"Ashe a kan mutane nake noma," in ji tsohon, ba tare da ya ɗago ba. "Na ci, na ciyar da 'ya'yana, ashe a kan bayin Allah. Mahaifina bai taɓa gaya mini ba. Kakannina ne, ɗana. In ba su ba wa za a sa a gonarmu?"

"Sai haƙuri, Baba. Yanzu kam ba mai sayen wurin nan ko da kyauta. Amma ni don tausayinka zan iya. Kashi ɗaya cikin uku zan bayar."

Ya shirya jayayya, ya tanadi maganganu. Tsohon bai ja ba ko kaɗan. Ya ce, "Kawo." Wannan saurin ya ɗan taɓa Sai-an-rage, amma daɗin riba ya danne.

Tsohon ya dogara sanda ya miƙe. Ya ja layi a ƙasa, ya zagaye kusurwar da faɗi. "Ban da nan. Nan ba na sayarwa ba ne, na masu shi ne." Aka kira dillali da dattawan unguwa suka shaida, aka rubuta haka. Sai-an-rage ya amince da sauri. A ransa yana cewa tsoho ne, gobe ko jibi zai manta, katanga ta haɗiye kusurwar.

A bakin famfo matarsa ta ji labari. Ta dawo ko bokitin ba ta cika ba.

"Baban yara, da gadon ubana ka saya mana maƙabarta?"

Ya tura ƙofa ya rufe, ya sassauta murya yana dariya, ya ba ta labarin buhu da mayanka. Yana jira ta yaba. Ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

"Tsohon nan ka yi wa haka?"

"Kasuwa ce, Maman yara. Ga ragowar kuɗi, har gini za mu fara."

"Ka je ka gaya musu gaskiya tun kafin ta yi tsami."

"Sai na kai rufi."

"Magana zarar bunu ce," in ji ta. Ta koma kan kekenta.

Abin da Sai-an-rage bai lissafa ba shi ne wannan. Kushen da yake yi a rumfa tsakanin mutum biyu yake mutuwa, kayan kuma a ɗauke su a kai wa wanda bai ji ba. Fili ba ya ɗaukuwa. Inda ka ɓata shi nan zai zauna, tare da duk kunnen da ya ji.

Maginan unguwa suka ƙi aikin. Sai daga can wani gefen gari ya samo wani, shi ma da ninkin lada. Leburori in shebur ya daki dutse sai su yi tsalle su fito daga ramin tushe. Masu tura ruwa suka ce ƙafarsu ba ta taka wurin, dole a tare su a bakin hanya a ɗauka da kai. Abin da ya rage a cinikin fili, gini ya fara lashe shi tun bango bai kai gwiwa ba. Duk da haka ya sanar da mai gidan haya cewa in shekara ta cika zai tashi, don kar a ce ya ji tsoro.

Tsohon kuwa kullum yana nan. Ya jera duwatsu a kan layin da ya ja. Kowace safiya zai zo da tsintsiya ya share wurin, ya tsince ciyawa, sannan ya zauna yana kallon masu gini. Sauran filayensa ko tayi ba a yi. Bai damu ba. Yana ta ramewa, wuyan rigarsa yana ƙara faɗi.

"Ɗana," yakan ce, "ka sa su kula da ruwan siminti, kar ya gangaro musu."

"To, Baba."

Ran nan, bango ya kai taga, tsohon ya yafito shi da hannu. Sai-an-rage ya zo ya tsaya a bayan duwatsun.

"Na kusa zama maƙwabcinka."

"Gini za ka yi, Baba?"

Tsohon ya daki ƙasar kusa da shi da tafin hannu, a hankali, kamar mai lallashin jariri. "Na riga na gaya wa 'ya'yana. Kusa da iyayena za a sa ni."

Sai-an-rage ya matso da sauri. Ya tsallake duwatsun ya tsuguna. "Baba, ka saurare ni. Babu kowa a nan. Ƙashin shanu ne. Ni na binne su da hannuna."

Tsohon ya dube shi. "Allah ya shirye ka. Ka sami fili da araha, bai ishe ka ba? Ka bar mini iyayena. Fita daga kansu."

Daga nan Sai-an-rage ya garzaya wurin dattawan unguwa, inda suke zaune a inuwar wani shago tare da dillali. Ya faɗi komai, bai rage ba. Suka dubi juna.

Babbansu ya ce, "Mun san ka da kushe kayan masu rai. Yanzu matattu ka koma kushewa? Mutane ka mayar shanu don ka haɗa da kusurwa?"

"Wallahi gaskiya nake faɗa! A tona a duba!"

"A tona kabari? Da bakinka? Wanda ya sa diga a wurin nan, da mu yake."

Dillali ya ce, "Ba kai ne ka ce dama ka taɓa jin ƙishin-ƙishin ba? A gabana ka faɗa. To wanne ne ƙaryar, na jiya ko na yau?"

"Ina da shaida. Mahauci ya gani."

Aka aika aka kira mahauci. Ya zo yana goge hannu, ya ji abin da ake ciki. Ya hango yadda sunansa zai shiga maganar kabari da ƙashi, shi da yake sayar wa mutane abin da za su sa a baki. Ya ce, "Ni kare ya ce mini zai ajiye. Ban san komai ba bayan wannan." Ya juya ya tafi.

Haka Sai-an-rage ya tashi da gaskiya a hannu ba mai saye. Wanda ya saba rantsuwa a kan ƙaurin da babu, ranar da gidansa ya kama wuta sai ya ƙone shi kaɗai.

Bai daina gini ba. Ya kwashe sauran jarin rumfa ya zuba, yana ganin in ya riga tsohon, in ya yi rufi ya tare, mutane za su ji kunyar kawo gawa ƙofar gidan da yara suke. Ya sayi kwano, ya sayi katako, yana tsaye a kan magini kamar mai tsaron fursuna.

Wata safiya suna kan bango, magini ya tsaya da cokalin gini a hannu yana kallon hanya. Mutane ne suke tahowa a hankali, sun ɗauko wani abu a kafaɗa. Sai-an-rage ya sauko. Suka wuce ta gabansa, suka shiga cikin duwatsun. 'Ya'yan tsohon ne a gaba. Ƙasarsu ce, a rubuce, da shaidu, ba shi da bakin hanawa. Aka haƙa kusa da inda turken yake a da, aka sa tsohon, aka rufe. Har Sai-an-rage aka miƙo wa shebur, ya zuba ƙasa.

Da jama'a suka watse, magini ya wanke cokalinsa, ya naɗe igiyar awo.

"Maigida, da can ana cewa ne. Yanzu na gani da idona. Ka nemi wani."

Ba a sami wani ba.

Da damina ta yi ƙarfi, hanyar babbar maƙabarta ta yanke, ga shi an yi rasuwa a unguwa. Aka roƙi 'ya'yan tsohon, suka ce bismillah. Bayan wannan aka kawo wani, aka kuma kawo wata. Kusurwa ta cika. 'Ya'yan tsohon suka duba suka ga sauran filayen ba mai saye har abada, sai suka bayar da su duka sadaka ga mahaifinsu, a riƙa binne mutanen unguwa. Kafin shekara ta zagayo, ginin Sai-an-rage yana tsaye a tsakiya, kaburbura gabas da yamma da bayansa, ƙofar kuma tana kallon na tsohon. Ciyawa ta fito a cikin ɗakunan. Ɓarayi suka kwashe kwano da katako da rana tsaka, domin ba maƙwabcin da zai yi ihu.

Sai-an-rage ya sa ginin a kasuwa. Duk wanda dillali ya kawo, daga kan babur yake cewa a juya.

Wa'adin haya ya cika, mai gida ya riga ya karɓi kuɗin wani. Sai-an-rage ya ce wa matarsa su yi rufin leda a ɗaki ɗaya su shiga, kafin Allah ya kawo mafita.

Tana ɗaure kan kekenta da igiya ta ce, "Ka shiga kai kaɗai. Ni ban haifi 'ya'ya don su yi wasa a kan kabari ba."

"Ke ma kin san yadda abin ya faro."

"Na san yadda ya faro. Je ka duba yadda ya ƙare."

Yayanta ya zo da mota ya kwashe ta, da yaran, da keken.

A ƙarshe dattawan unguwa suka same shi a rumfa. Suka ce wuri ya ƙure, ga gininsa a tsakiya yana tare hanya, ya taimaka ya bar wa Allah. Ba su yi maganar kuɗi ba, shi ma bai iya tayar da ita ba. Aka rushe bangon, aka yi katangar maƙabarta da bulonsa.

Ga abin da kushe ya ci masa. Filin ya tafi, ginin ya tafi. Kuɗin ɗinkin matarsa, da 'yan kunnenta, da gadon mahaifinta, duk sun tafi. Jarin rumfa ya ƙare, sai benci da katifa ɗaya wadda yake kwana a kai. Ɗakin haya ya tafi. Matarsa tana gidan yayanta, 'ya'yansa suna cin abincin kawunsu. Mahauci ba ya amsa gaisuwarsa. Maganarsa kuwa, daga wannan unguwa har layin 'yan gwanjo, ba wanda yake karɓarta ko da rantsuwa.